Asibitin Gwamnati ko na Kuɗi: Yadda Mai Juna Biyu da Maigidanta Za Su Zaɓi Wurin Awo da Haihuwa

A gidaje da yawa ba a cika zama a tattauna inda za a yi awon ciki ba. Mace takan bi inda yayarta ko maƙwabciyarta ta je, maigida kuma ya duba aljihunsa, idan da hali ya ce a tafi asibitin kuɗi don gudun layi, idan babu ya ce a je na gwamnati. Wani lokaci a dace, amma wannan hanya takan bar babbar tambaya a gefe, wato abin da asibitin zai iya yi idan haihuwa ta zo da gardama da ƙarfe biyun dare. Mafi yawan mata suna sauka lafiya, sai dai abubuwan da ke kashe masu haihuwa, kamar zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, sukan zo ba sallama, har ga matar da awonta ya tafi daidai tun daga farko. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa mata 1,047 ne ke rasuwa a Najeriya cikin kowace haihuwa 100,000, kuma fiye da rubu'in matan da ciki da haihuwa suka yi ajalinsu a duniya a wannan shekara 'yan Najeriya ne. Don haka sunan da ke jikin allon asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, bai kai muhimmancin ma'aikata da kayan aikin da ke cikinsa ba, kuma a kan wannan aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ki san irin cikin da kike ɗauke da shi

Ba za a iya zaɓen wurin haihuwa ba sai an san ko cikin yana da wani haɗari na musamman, kuma ba a sanin haka sai an je awo da wuri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Al'adarmu ta ɓoye ciki har sai ya fito, ko don kunya ko don tsoron bakin mutane, ita ce ke sa mata da yawa ba sa yankar kati sai a wata na shida ko na bakwai, lokacin da damar gyara wasu abubuwa ta riga ta wuce. Wannan zuwa na farko kina iya yin sa a kowane asibiti mai rajista da ke kusa da ke, domin bai ɗaure ki ga haihuwa a can ba.

Abin da ya kamata a yi miki a ranar shi ne a auna bugun jininki da nauyinki, a gwada fitsari, a duba yawan jini da rukuninsa da batun sikila, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da tunjere. Ya kamata a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid na kullum, a yi miki allurar rigakafin sandarewar jiki, a fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro irin su Fansidar daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, ana so a yi shi ko da sau ɗaya kafin mako na 24. Asibitin da ya karɓi kuɗin awo amma bai yi waɗannan ba, ya riga ya nuna miki matsayinsa.

Daga sakamakon wannan awo da tarihin haihuwarki ne za a gane ɓangaren da kika faɗa. Matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta taɓa jijjiga ko zubar da jini mai yawa ko haihuwar jariri ba rai, da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da wadda ta haura 35, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, da wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa ko jariri ya kwanta a gicciye, duk ba su da zaɓi mai faɗi. Dole su haihu inda ake tiyata da ƙarin jini dare da rana. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari kuwa, tiyata ake tsara mata tun kafin naƙuda ta tashi, don kada gyaran ya warware. Wadda rukunin jininta nagatif ne ta tambayi batun allurar Anti-D, mai kare jariran da za ta haifa nan gaba, wadda ake yi cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, domin tana da tsada kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba.

Mataki na biyu: ki rarrabe asibitocin, domin ba kala ɗaya ba ne

Idan aka ce asibitin gwamnati, hawa uku ake nufi. A ƙasa akwai cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwanni da ƙauyuka, inda galibi ungozomar asibiti ko ma'aikacin lafiyar al'umma ke riƙe da aiki. Suna awo da rigakafi da karɓar haihuwar da ba ta da matsala, amma ba a tiyata a cikinsu, kuma wasunsu ba sa kwana a buɗe. Sama da su akwai manyan asibitocin jiha, irin su Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano. A can sama kuma akwai asibitocin koyarwa da na tarayya, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. A waɗannan ne ƙwararrun likitocin mata da na jarirai da masu ba da maganin barci suke haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya, tare da ma'ajiyar jini da sashen jariran da aka haifa bakwaini. Farashin wannan tarin ƙwarewa shi ne cunkoso. Za ki yi sammako ki wuni a layi, mai yiwuwa kowane zuwa ki ga sabuwar fuska, gado yana iya ƙarewa, kuma a asibitin koyarwa ɗalibai sukan tsaya a lokacin duba ki, ko da yake kina da haƙƙin cewa ba ki so.

Asibitocin kuɗi sun fi wannan bambanta da juna. Akwai wanda ƙwararren likitan mata ke gudanarwa, da ɗakin tiyata da kwalbar jarirai da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai na likita guda ɗaya wanda da rana yana aikin gwamnati, sai yamma ya zo. Akwai gidan haihuwa na ungozoma mai lasisi, wanda doka ba ta ba shi damar tiyata ba. Akwai kuma ɗakin da aka yi wa fenti aka rataya allo, wanda mai shi ba likita ba ne ba nas ba. Abin da kuɗinki ke saya a asibiti mai kyau shi ne lokaci da sirri da tsafta, da likita ɗaya wanda ya san ki tun farkon ciki har haihuwa, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma tayil da na'urar sanyaya ɗaki ba sa tsayar da jini, kuma sanannen abu ne cewa idan lamari ya ƙazanta, ƙananan asibitocin kuɗi zuwa na gwamnati suke tura mara lafiya, wani lokaci bayan an ɓata sa'o'in da ba za su dawo ba.

Mataki na uku: ku je da ƙafarku ku yi tambaya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne mafi nauyi. Ku zaɓi asibiti biyu ko uku, ku je ke da maigida, idan zai yiwu a sake leƙawa bayan sallar isha, domin asibitin da ya cika da ma'aikata da hantsi yana iya komawa hannun nas ɗaya da maigadi da dare. Ba rashin kunya ba ne a yi tambaya, kuma yadda aka amsa ma yana nuna irin karɓar da za a yi miki ranar naƙuda.

Tambaya ta farko ita ce wanda ke kwana a asibitin. Idan aka ce likita yana gida ana kiransa a waya, a tambayi nisan gidan da tsawon lokacin da yakan ɗauka kafin ya iso. A tambayi ko ana tiyata a nan, wane ne ke yi, wane ne ke ba da maganin barci, kuma shin yana cikin ma'aikatan asibitin ne ko aro ake yi daga wani wuri. Sai batun jini, wanda ya cancanci a daɗe a kansa, domin zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu. Shin suna da ma'ajiyar jini, ko sai dangi sun bazama gari nema? Idan daga waje ake kawowa, daga ina, kuma ana buɗe wurin da dare? Shin ana gwada jinin kafin a ƙara wa mutum?

Daga nan a tambayi magunguna uku da sunansu. Oksitosin ita ce allurar da ake yi wa kowace mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke, kuma tana buƙatar sanyi, saboda haka idan babu firji mai aiki akwai shakka a kan ƙarfinta. Misofrostol ƙwaya ce da ke irin wannan aiki. Magniziyam salfet kuwa ita ce maganin jijjigar da hawan jinin ciki ke jawowa. Wurin haihuwar da bai ajiye waɗannan a ɗakin haihuwa ba, sai an rubuta an aika kemis, bai shirya ba. A duba ɓangaren jariri ma, ko akwai iskar oksijin da abin hura wa jariri numfashi idan ya fito bai yi kuka ba, da fitilar maganin shawara, da inda ake kai bakwaini. A tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, janareto ne ko sola. A ƙarshe a tambaye su inda suke tura abin da ya fi ƙarfinsu, da wace mota, kuma ko ma'aikaci yana raka mara lafiya. Asibitin da ya ce bai taɓa tura kowa ba, ni dai tsoro yake ba ni, ba kwanciyar hankali ba.

Ga asibitin kuɗi akwai ƙarin bincike na rajista. Kowane likita a Najeriya yana da lasisi daga hukumar kula da likitoci ta MDCN, nas da ungozoma kuma daga hukumar kula da aikin jinya da ungozomanci, shi kansa asibitin yana buƙatar rajistar jiha, wadda a Kano hukumar PHIMA ce ke kula da ita. Takardar rajistar ta kamata ta kasance a bango inda kowa zai gani. Idan kina son likita mace, wannan ne lokacin faɗa, kuma yana da kyau a nema. Sai dai ku yi shawara tun yanzu cewa idan an shiga halin gaggawa, duk wanda ke bakin aiki shi zai duba ki, domin malamai sun yi bayanin halascin hakan a halin larura.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi, tare da abin da ba a faɗa

Jihohi da dama a Arewa sun yi shelar awo da haihuwa kyauta a asibitocinsu, amma duk wanda ya taɓa kai mace haihuwa ya san cewa kyautar takan tsaya ne a kan abin da ke akwai a ranar. Sau da yawa za a miƙo takardar kayan haihuwa, safar hannu da auduga da leda da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a biya kuɗin hoto da wasu gwaje-gwaje da ledar jini. Duk da haka jimillar ba ta kama ƙafar ta asibitin kuɗi. A asibitin kuɗi kuwa, kuɗin da ake faɗa da farko na awo ne da haihuwar da ta zo da sauƙi. Ku nemi a rubuta muku kuɗin tiyata, da na kowace ledar jini, da na kwanan gado, da na kowane dare idan jariri ya shiga kwalba, da abin da ake ajiyewa kafin a fara aiki. Ma'aunin da nake ba da shawara a kai shi ne, idan ba za ku iya biyan kuɗin tiyatar asibiti ba, to ba ku iya biyan kuɗin haihuwa a can ba, domin babu wanda ya san wadda za ta buƙaci aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma bai kamata a jingina ran mace a kan jayayyar doka a bakin ƙofa ba.

Kafin a yanke hukunci a duba inshora. Dokar 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, jihohi kuma suna da nasu tsarin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, kuma wasu asibitocin kuɗi suna cikin waɗanda ke karɓar masu kati. Ma'aikacin da ake cirar masa kuɗin inshora ya tabbatar sunan matarsa yana ciki, ya kuma san asibitin da aka rubuta masa. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka shigar cikin shirin, don haka ku tambaya ko wanda kuka zaɓa yana ciki. Masu karatu a Nijar sun san tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocin gwamnati tun 2005, a Gana kuma awo da haihuwa suna ƙarƙashin inshorar ƙasa kyauta tun 2008. Ko a ina kuke, a fara tara kuɗin ko-ta-kwana tun watannin farko, a asusu ko adashi, daban da kuɗin ragon suna.

Akwai wani zargi da ake yi wa asibitocin kuɗi, cewa suna saurin yin tiyata don kuɗinta ya fi yawa. Zargin yana da tushe a wasu wurare, amma kishiyarsa ma tana faruwa, wato a riƙe mace tana naƙuda kwana da kwanaki don kada a rasa kuɗin haihuwarta, kuma irin wannan jinkiri ne ke haifar da fashewar mahaifa da yoyon fitsari. Idan aka tsara miki tiyata tun ciki bai isa haihuwa ba, ki nemi dalili, kina kuma da damar jin ra'ayin wani likita. Idan kuwa ana cikin naƙuda ne aka ce jariri ya galabaita ko jini ya ɓalle, ba lokacin kiran dangi a waya ana shawara ba ne.

Mataki na biyar: nisa, dare da asibiti na biyu

Asibitin da ya fi kowane kyau ba shi da amfani idan ba za a kai gare shi cikin lokaci ba. A auna tafiyar da dare da kuma cikin damina, a yi la'akari da hanyar da ruwa ke yankewa da wuraren da ake taƙaita zirga-zirga saboda tsaro. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tuna cewa asibitin garin iyayen ne zai karɓi haihuwarta, saboda haka ta yanki kati a can tun da ta isa, ta tafi da duk takardunta. Idan gida yana da nisa da babban asibiti kuma cikin yana da haɗari, gara a koma wurin dangi a cikin gari tun daga mako na 36.

Kowace mai juna biyu tana buƙatar asibiti na biyu a zuciyarta. Mai zuwa na gwamnati ta tuna da yajin aiki, domin a 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe kimanin wata biyu ba sa aiki, don haka ta san asibitin kuɗin da za ta nufa da abin da zai ci. Mai zuwa na kuɗi kuma ta buɗe fayil a babban asibitin gwamnati, ta je awo can ko sau ɗaya, domin wadda ke da kati ta fi saurin shiga a kan wadda aka kawo ba a san tarihinta ba. Haɗa biyun ba laifi ba ne, mata da yawa suna awo a cibiyar unguwa, su yi hoto a wurin kuɗi, su haihu a babban asibiti. Sharaɗin kawai shi ne kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ya rubuta, don kada a ninka magani, kuma katin awo da sakamakon gwaji su zauna cikin jakar haihuwa, da hotonsu a waya.

Mataki na shida: abin da ya rage a kan maigida

Masana sun daɗe da lura cewa jinkiri iri uku ne ke kashe masu haihuwa, jinkirin yanke shawarar fita daga gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zaɓen asibiti yana maganin na uku ne kawai, biyun farko suna hannun maigida. Ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da duk wanda ke gidan, cewa idan naƙuda ta tashi ko aka ga wata alama a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan, ya kuma faɗi wanda zai sa hannu a takardar tiyata a madadinsa. Ya ajiye lambar direbobi biyu da za su ɗaga waya da dare, ya tambaya a tasha ko ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da shirin ɗaukar masu naƙuda, domin akwai shi a wasu jihohin Arewa. Ya nemi mutum biyu ko uku da jininsu ya dace, su amince tun kafin ranar.

Duk mutanen gidan su san alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu, wato zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, raguwar motsin jariri, da naƙudar da ta haura sa'o'i 12. A irin wannan hali a nufi asibiti mafi kusa da ke tiyata da ƙarin jini, ko da ba a can katin yake ba. Kada a yarda a ɗaura wa mace ruwan naƙuda a gida ko a kemis, domin yana iya fasa mahaifa.

Bayan an sauka, ki tambayi asibitin tsarin sallamarsa, domin ana so mai jego ta zauna aƙalla sa'o'i 24 ana duba jininta, a sake ganinta a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma bayan mako shida. Jariri yana buƙatar allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan inna da rigakafin ciwon hanta nau'in B tun a ranar haihuwa, da man kulohekzidin a cibiya maimakon gashi da tsumma ko shafa man goge haƙori. Ba kowane asibitin kuɗi ne ke ajiye alluran rigakafi ba, saboda haka idan a can kika haihu, maigida ya san cibiyar gwamnati mafi kusa da ranakun da take rigakafi, inda ake yin su kyauta, ya kuma karɓi takardar shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.